Ɗaki Huɗu, Sarki Biyu

Taubashina ya faɗo daga bene a Tamanraset a shekarun da duk mai 'yan kuɗi a garin yake son ya ɗora ɗaki a kan ɗaki. Ɗan ƙanwar babana ne, garinmu ɗaya a ƙasar Damagaram, mota ɗaya ta kawo mu ci-rani, kuma gini ɗaya muke yi. Shi maso ne, magini na gaske mai cokali da igiyar awo, ni kuwa mai kwaɓa siminti ne da miƙa bulo, kuma bai taɓa bari na manta da wannan bambanci ba. Katakon da ya taka ne ya karye. Ya daɗe a asibiti, aka sallamo shi da ƙafafu biyu lafiyayyu a ido, amma ko allura ka soka masu ba ya ji.

A ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Gatalwad, mu da samarin ƙasarmu, yawanmu ya fi ƙarfin tabarmin da ke ciki. Ƙofar tana da matakala, masai kuma yana can ƙarshen tsakar gida. Da farko rige-rigen ɗaukarsa ake yi. Da tafiya ta yi tafiya, da zarar ya yi gyaran murya sai ka ga kowa ya tuna da wani uzuri a waje. Na zage su a lokacin, amma ban ga laifinsu sosai ba, don mutum ya wuni yana ɗaukar bulo ya dawo a ce ya ɗauki ƙato. A ƙarshe suka yi shawara a bayan idona cewa za su ɗora shi a wani kamiyon, babbar motar kaya da ke zuwa Arlit, a kan buhuna, ya koma gida. Lokotoro, likitan asibitin, ya riga ya gaya mini ƙashin bayansa bai gama haɗewa ba, kuma duk wanda ya bi hanyar hamada ta Asamaka ya san abin da take yi wa mai lafiya ma. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Ko dai in samo masa wurin zama a garin, ko hanya ta ƙarasa shi.

Malamin da ke biya mana karatun Alƙur'ani, wani dattijo mutumin Maraɗi, shi ya ba ni labarin gidan Hajiya. Hajiyar Buzuwa ce mai garake, wato lambuna, a Tahifet, ta gina wa ɗanta mai keken guragu gida a kan tudu, bayan ƙoramar da ta raba garin. An yi shi ba matakala ko ɗaya, ƙofofi masu faɗi, pampo a ƙasa-ƙasa, gangara mai laushi daga titi har tsakar gida. Fenti bai gama bushewa ba yaron ya rasu. Gidan ya zauna a rufe, ɗan wanta kuma yana ta zagaye shi yana son ya mai da shi ma'ajiyar tayoyi.

Malam ya raka ni wurinta. Muka same ta tana tsince alkama a faifai, ba ta ɗago ba har na gama bayanina. Hausarta irin ta Buzaye ce, amma ba ta da kwana-kwana.

"Ɗaki huɗu ne, mutum huɗu nake so," in ji ta. "Abinci daga gare ni, motar garka za ta riƙa kawowa. Amma kwano ɗaya za su ci. Ɗana ba yunwa ya sha ba, shi kaɗai yake cin abinci. Ba zan sake ciyar da mutum ɗaya a gidan nan ba."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, Hajiya.

"Makafi biyu, guragu biyu. Makaho ya tura keke, gurgu ya duba hanya. In azumi ya kama ba su cika ba, tayoyi za su shiga."

Na fito ina murna har ina tausaya wa ɗan wan nata. Garin da ƙofar kowane masallaci cike take da naƙasassun ƙasarmu, a ce mutum ya kasa samun uku da za su zauna a gidan siminti kyauta, su ci kuskus da albasar Tahifet? Na ɗauka kafin la'asar zan gama.

Makahon farko da na tara a bakin kasuwa ya saurare ni har ƙarshe, ya yaba gidan, ya yi wa Hajiya addu'a mai tsawo. Da na ce to yaushe zai tare, sai ya ce, "Ka je ka ga Sarki." Na biyu ma haka ya ce. Ni ban san sun taho da sarautarsu har nan ba. A gida na san makafi da sarkinsu, guragu da nasu, kowa da unguwarsa da shari'arsa, amma na ɗauka irin wannan kaya a bakin iyaka ake barinsa. Ashe shi suka fara sa wa a jaka.

Fadar Sarkin Makafi tana bayan rumfar wani mai facin taya. Kujerar mota ce da aka cire aka jingina da bango, Sarki na kai da rawani da baƙin tabarau, fadawa na ƙasa. Na cire takalmi na yi gaisuwa, aka gabatar mini da Galadima, da Waziri, da Madaki, da Sarkin Fada, da wasu da na manta. Sai da aka zagayo na lura cewa a duk masarautar mutum ɗaya ne ba shi da sarauta. Shi ne talaka, shi ake aike, shi ake yi wa faɗa. Nan take na sa masa ido, don na ga shi ne zai fi sauƙin ɗauka.

"Wannan ba zai yiwu ba," in ji Sarki. "In na ba ka shi, wa zan mulka?"

Na ce gaskiya ne, ranka ya daɗe.

"Zan iya ba ka Galadima da Madaki. Amma ba na tura manyan ƙasa gidan da ban duba ba."

Washegari da hantsi suka zo duba gida, a jere, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa, Sarki a gaba da sandarsa, ni ina gefe ina faɗin inda duwatsu suke. Tun daga gangarar ƙofa fuskarsa ta canza. Ya shiga tsakar gida, ya miƙa sanda dama bai taɓa komai ba, ya miƙa hagu bai taɓa komai ba. Ya shiga ɗaki ya fita bai san ya shiga ba. Ya sake shiga wani ya tsaya a tsakiya yana yi wa bango sallama. Can sai ya kira ni.

"Yaro, ina dokin ƙofa?"

"Babu, ranka ya daɗe. An bar shi ne don keke ya wuce."

"To da mi mutum zai san ya shiga ɗaki? Mu da ƙafa muke ganin gida. Nan matakala, nan dokin ƙofa, nan rami, shi ke nan ka san inda kake. Wannan fili ne kawai aka yi wa rufi. Ko a hamada akwai abin tuntuɓe."

Fadawa suka ce gaskiya ne. Madaki, wanda ya ɓata tun ɗazu, ya amsa daga cikin makewayi. Sarki ya yanke hukunci cewa sai an sa dokin ƙofa mai tsayin tafin hannu a kowane ɗaki kafin mutanensa su kwana a ciki.

Sarkin Guragu kuma a ƙofar babban masallaci na same shi. Mutumin wajen Katsina ne, ƙaƙƙarfa daga ƙugu zuwa sama, da keken hannu mai madubi biyu da ƙararrawa. Shi bai ɓata lokaci ba, ya ce mu je. Da ya ga gangarar sai ya hau ya sauko, ya sake hawa ya sake saukowa, yana kaɗa ƙararrawa, har sai da na tuna masa cewa akwai sauran gida a ciki. Ya zagaya ɗakunan, ya buɗe pampo daga zaune ya wanke fuska, ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa shiga gidan da aka gina da shi a rai ba. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma abin ya taɓa ni. Sai na yi kuskuren ambaton dokin ƙofa.

"Wa ya ce?"

Na faɗa masa.

"Mutumin da bai ga gidan ba shi zai gyara shi? In aka sa ko na kaurin yatsa, ba gurgun da zai shigo." Sannan ya ƙara da abin da ya fi damunsa. "Kuma in faɗa ya tashi a gidan, wa zai yi shari'a? Makaho ba ya yanke wa gurgu hukunci. Ba a taɓa yi ba."

Haka na shiga zirga-zirga tsakanin rumfar faci da ƙofar masallaci, ina barin aikin da nake ci da shi. Ranar da na samu na haɗa su a tsakar gidan, suka zauna kusa da juna har gwiwar ɗaya na taɓa tayar ɗaya, amma ba wanda ya yi wa wani magana. "Gaya masa," in ji wannan. "Gaya masa na ji," in ji wancan. Ni ina tsaye a tsakiya ina maimaita wa kowa abin da ya riga ya ji da kunnensa. Da na gajarta wata magana don a huta, Sarkin Makafi ya ce ba haka aka faɗa ba, in maimaita daidai. Ranar na koma gida ina jin in kama su duka in zuba a ƙorama.

Taubashina ne ya warware maganar dokin ƙofa, daga kan tabarmarsa. Na ba shi labarin ne don ya yi dariya, ya kuwa yi, har ya riƙe haƙarƙari. Sannan ya ce, "Kai dai kwaɓa siminti kawai ka iya. A fasa bakin ƙofar kaɗan, a jera tsakuwa a cikin siminti, a daddale ta daidai da ƙasa. Sanda za ta ji ta, ƙafa za ta ji ta, taya kuma ta wuce abinta." Ya sa na kawo masa tsakuwa daga waje, ya zaɓi irin wadda ta dace, ya nuna mini yadda zan jera. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin ya faɗo. Yana ta cewa, "Bayin Allah, ai ya kamata a taimaka masu." Ya san ina nema masa ɗaki a gidan, amma a ransa zai je ne ya zauna kafin ƙafafunsa su farka, ya riƙa duba masu gini. Ni kuma ban sami bakin gyara masa wannan zance ba.

Tsakuwar ta yi aiki. Sarkin Makafi ya goga sanda a kai ya ji ƙarar, ya ce madalla. Sarkin Guragu ya bi ta kai da keke ya ce ba laifi. Da suka ga haka sai suka ce a ja irin wannan layi ya raba tsakar gidan biyu, ɗakuna biyu na gabas ƙasar makafi, biyu na yamma ƙasar guragu, kowa ya yi shari'a a ɓangarensa. Matsalar ita ce pampo ya faɗa a ƙasar guragu, masai kuma a ƙasar makafi. Aka yi wuni guda a kan wannan kafin aka amince kowa na iya ƙetarawa ba tare da neman izini ba, amma laifin da aka yi a bakin pampo na Sarkin Guragu ne ko da makaho ya yi shi. Kwanon abinci kuwa a kan layin za a ajiye shi, kowa ya miƙo hannu daga ƙasarsa. Da na kai wa Hajiya wannan labari ta rufe fuska da mayafi tana dariya har faifanta ya zube. Ta ce su raba gidan goma in sun so, ita dai kwano ɗaya ta sani.

Na ɗauka an gama. Sarkin Makafi ya ba da Galadima da Madaki. Sarkin Guragu ya ce shi ma ya zaɓi mutum biyu. Na ce a'a, ranka ya daɗe, ɗaya za ka kawo, ɗayan ɗakin na ɗan'uwana ne, don shi na fara wannan wahala.

"Wane ne ɗan'uwanka?"

Na ba shi labarin benen da katakon.

"Allah ya ba shi lafiya. Amma ban san shi ba. Bai taɓa zuwa ya gaishe ni ba, ba ya cikin mutanena. Ɗakin guragu ne, shi kuma ban ga shaidar gurgu ba ne."

Na ce mutum ba ya iya motsa ƙafa, wace shaida ake nema kuma?

"Wannan ciwo ne. Gurgu daban, mai ciwo daban. Akwai wanda ya shekara talatin yana rarrafe a kan duwatsun garin nan, sai wanda ya faɗo jiya ya riga shi shiga gidan siminti?"

Raina ya ɓaci, na ce gidan na Hajiya ne, ita za ta sa wanda take so. Ya ce haka ne, amma in baƙo ya shiga zai janye mutuminsa. Abin da ya fi ba ni haushi, Sarkin Makafi da ya ji sai ya goyi bayansa, ya ce shi ma zai janye nasa, don in aka fara shiga ba ta hannun sarki ba gobe kowa ma sai ya rufe ido ya ce shi makaho ne. Wannan ce rana ta farko da suka yi wa juna magana kai tsaye, kuma a kaina suka yi ta. Na koma wurin Hajiya, ta ce ta tausaya mini, amma ta riga ta faɗa: mutum ɗaya ba zai ci abinci shi kaɗai a gidan ba.

Na koma na durƙusa gaban keken mai madubi biyu na tambayi yadda mutum ke shiga cikinsu. Sarki ya ce abu ne mai sauƙi, kowa ta nan ya bi. Ranar Juma'a sabon shiga zai zo ƙofar masallaci ya zauna a ƙarshen layi, bayan kowa. In aka sa masa sadaka a hannu ya karɓa ya yi godiya a gaban shaidu, ya zama nasu.

Kwana biyu ina juya maganar a baki. Direban kamiyon ya riga ya zo ɗakinmu ya duba taubashina kamar yadda ake duba kaya, ya ce zai yi masa wuri tsakanin buhunan taliya, Asabar za su tashi. Ranar Alhamis da azahar, da sauran suka fita, na zauna na gaya masa komai. Ban taɓa furta kalmar gurgu a gabansa ba sai ranar.

"Ni maso ne," in ji shi.

Na ce na sani.

"Rabin benayen unguwar Tahaggart da hannuna aka ɗora su. In zauna a ƙofar masallaci in miƙa hannu? Mutanen da na koya wa riƙon cokali su wuce su gan ni?"

Na ce Juma'a ɗaya ce kawai, a karɓa a wuce wurin. Na ce in ya hau kamiyon nan ban san abin da zan gaya wa gwaggo ba. Ya juya fuska bango, ni kuma na tashi na ba shi wuri. Da safe ina haɗa shayi sai ya ce in ciro masa rigarsa ta salla daga jaka, in kuma aro buruwet ɗin, baron da muke kwasar yashi da shi. Na wanke buruwet ɗin, na shimfiɗa bargo a ciki.

Mun isa kafin huɗuba. Layin guragu yana hannun dama na ƙofar, na makafi a hagu, kowa da wurinsa da ya gada. Aka nuna mana ƙarshen layi, kusa da inda ake zubar da ruwan alwala. Sarkin Guragu ya juya madubinsa ɗaya yadda zai riƙa hango mu. Sarkin Makafi ya turo Galadima ya zauna kusa, a matsayin shaida ta kunne. Na sauke taubashina na jingina shi da bango, na gyara masa ƙafafu, na shiga salla. Ban san abin da liman ya karanta ba.

Da aka sallame jama'a suka fito, sai na gane abin da ƙarshen layi yake nufi. Larabawa da Buzaye masu bayarwa daga farkon layi suke farawa, kafin su iso wurinsa hannunsu ya ƙare. Ga shi kuma da farar riga mai aiki da hula, ya fi wasu masu bayarwar kyan shiga, wani tsoho ma ya ɗauka jiran mota yake. Mutanenmu na wurin gini kuwa da suka gan shi sai suka yo kansa. Wannan ya ba shi hannu, wancan ya tambayi jiki, wani ya tsuguna yana neman shawararsa a kan wani bango da ya tsage. Duk sun gane abin da ya kawo shi, don labari ya riga ya zagaya, amma ba wanda ya iya sa hannu a aljihu. Wa zai fara? Hannun taubashina na kan gwiwa, bai buɗe ba bai kuma dunƙule ba. Galadima na ta tambaya, "An ba shi? Ban ji komai ba."

Jama'a suka yi ta raguwa har aka fara naɗe tabarmin waje. Guragu suka fara juya kekunansu. Na ga Sarki ya dube ni ta madubi ya ɗaga kafaɗa. Sai na laluba aljihuna na sami 'yar tsabar kuɗi, na matsa na tsuguna a gabansa. Dabara ta zo mini, na ɗaga murya na ce, "Ungo kuɗin shararka na bana, kada ka ce na cinye." Kuɗin shara ɗan abin da taubasai kan ba juna ne a sabuwar shekara, da wasa da zolaya, ba wanda ke jin kunyar karɓarsa. Na ga bakinsa ya motsa zai rama.

"Wannan ba ta shiga ba," in ji Galadima. "Na ji da kunnena. Kuɗin shara haƙƙi ne, ba sadaka ba. Kuma ma ba watansa ba ne."

Sarkin Guragu ya garo kekensa ya ce Galadima ya yi gaskiya, a mayar a sake. Na so in ɗaga keken da shi a kai in jefa cikin ruwan alwala. Taubashina ya miƙo mini tsabar, na karɓa. Muka dubi juna. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki, ban taɓa ba shi ko goro ba tare da zagi a kai ba. Sai ya buɗe tafin hannunsa sosai, ya ɗaga shi kaɗan, yadda ya ga na kusa da shi suna yi.

Na ce, "Sadaka," na sa masa.

"Allah ya karɓa," in ji shi. "Allah ya jiƙan mahaifa." Galadima ya ce ya ji, Sarki ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, aka yi fatiha.

A ranar suka tare, su huɗu. Na tura buruwet ɗin muka ƙetare ƙorama muka hau tudu, Galadima da Madaki na biye da mu dafe da kafaɗata, ɗayan gurgun na gaba da kekensa. Motar Tahifet ta riga ta sauke kaya, matar da Hajiya ta ɗauka don girki ta kawo kuskus da miyar kabewa a babban kwano, aka ajiye shi a kan layin tsakuwa. Madaki ya laluba ya ce kwanon ya fi karkata ƙasar guragu, aka matsar da shi kaɗan. Taubashina ya ci sosai. Ya duba bakin ƙofar ɗakinsa ya ce na jera tsakuwar a karkace, aikin ɗan kwaɓa dai. Na ji daɗin wannan zagi fiye da yadda zan iya faɗa. Kamiyon Asabar ya tafi da taliyarsa.

Da na tashi tafiya ya ce in matso. Ya rage murya don kada na ƙasar gabas su ji, ko da yake su ba abin da ke wuce masu.

"Juma'a mai zuwa ka yi sallarka a wani masallacin."

Na ce don me, ai an gama, sau ɗaya aka ce.

"Kai aka gaya wa sau ɗaya. Wanda ya bar wurinsa a layi ya fita daga mutanen Sarki, wanda ya fita kuma ya bar ɗaki. Na tambayi na kusa da ni tun kuna cikin salla." Ya gyara zaman ƙafarsa da hannu. "Zan iya da kowa. Kai ne dai ba na so ka fito ka same ni."

Na ce to.

Akwai wani ƙaramin masallaci a can hanyar Silet, bayan tashar manyan motoci, da ba kowa ke zuwa ba sai direbobi. Tafiya ce mai nisa a ƙasa, ga rana. Can na riƙa yin Juma'a har na bar Tamanraset. Sauran ranakun mako ina hawa tudu in same shi, mu sha shayi, ya zage ni in rama, kuma ko sau ɗaya bai tambaye ni inda na yi salla ba.